Yadda Ake Zuwa Kallon Matsirgar Ruwa a Duwatsun Bauchi

Duk shekara, da damina ta fara ja da baya, sai abokai su dame ni da waya: "Malam, yaushe za a shiga dutse?" Na daɗe ina kai mutane kallon matsirga, wato inda ƙorama ke tsirgowa daga kan dutse ta zubo ƙasa. Wasu kan ce magangarar ruwa. Wadda ke kusa da Kafanchan ma da wannan sunan aka san ta, Matsirga. Namu na nan Bauchi galibi ƙanana ne, na damina, a cikin duwatsun Toro da na Dass, babu allo, babu mai yankan tikiti. Daga inda babur zai ajiye ka zuwa gindin ruwan, tafiyar ba ta cika wuce kilomita 2 ko 3 ba.

Gajartar nan ce ke yaudarar baƙo. Yana jin an ce "ga shi nan bayan dutsen can", sai ya zuro silifa ya riƙo ledar ruwa ɗaya. To ga yadda nake shirya tafiyar, daga gida har komawa gida.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Takalmi shi ne kan gaba. Nemi kambas mai igiya wanda ƙasansa ke da zane mai zurfi, ya rufe yatsu. Na gwanjo a kasuwar Wunti ko Muda Lawal ya wadatar, sai dai ka sa shi kwana biyu ko uku kafin ranar, don sabon takalmi a kan dutse kanta yake sa wa. Idan babu kambas, takalmin robar nan da makiyaya ke sawa ya fi duk wani takalmin gayu riƙe dutse, kuma ruwa ba ya ɓata shi. Silifa da takalmin fata mai santsin ƙasa, ka bar su a gida.

Dogon wando mai ɗan kauri da safa, da riga mai dogon hannu. Babbar riga da jallabiya ba na wannan tafiya ba ne, ƙaya za ta kama, ƙafa za ta harɗe. Mata su sa wando a ƙarƙashi, da hijabin da bai kai ƙasa ba.

Sanda mai ƙwari, tsawonta ya kai ƙirjinka. Gora ta fi, amma ba sai ka saya ba, a ƙauyen za a ara maka.

Ruwan sha lita 2 ga kowane mutum, a gora mai murfi. Kada ka ce ai wurin ruwa za ni, wancan ba na sha ba ne.

Abinci marar nauyi wanda ba ya saurin lalacewa: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi, burodi. Masa da miya daɗi gare ta, amma ka ci abarka a tasha kafin a tashi. Na taɓa ganin miya ta kife a jakar wani ta jiƙa masa waya da sallaya.

Jakar goyo, domin hannuwanka biyu su zama a sake. A cikinta: tocila, fawa banki, ledoji biyu masu kauri (ɗaya ta waya da kuɗi, ɗaya ta shara), bandeji, filasta, maganin ciwon jiki, gishiri da sukari na ORS, ƙaramin tawul da kayan sauyawa. Idan ba ka samu ORS na leda ba, haɗa da kanka: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Tsabar kuɗi, ƙananan canji. Mai POS ba ya bin ka dutse. Ka kuma riƙe goro ko ɗan abin gaisuwa.

1. ZAƁI LOKACI

Nan ne yawancin mutane ke kuskure. Ruwan sama a Bauchi ya fi ƙarfi a watan Agusta, kuma a lokacin ne matsirga ta fi ban sha'awa a hoto, amma a lokacin ne ta fi haɗari. Ƙoramu a cike, hanyoyin ƙauye sun yanke, duwatsu sun yi gansakuka. Idan kuma ka bari hunturu ya kama, Janairu ko Fabrairu, za ka tarar da busasshen dutse da ɗan ruwa yana ɗiga kamar famfon da ya lalace.

Lokacin da nake so shi ne daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba. Ruwa na nan da sauransa, ya fara washewa, hadari ya ragu. Ko a lokacin, idan an kwana ana ruwa, ka ɗaga tafiyar da kwana ɗaya ko biyu.

A ranar kuma, a tashi da an idar da sallar Asuba. Burinka ka isa gindin ruwa kafin ƙarfe 10, ka baro shi kafin ƙarfe 1, La'asar ta same ka a ƙauye ko a mota. Hadarin ƙarshen damina ya fi haɗuwa da yamma.

2. ZAƁI WURI, KA TAMBAYI LAFIYAR HANYA

Idan karonka na farko ne, fara da wurin da jama'a suka saba zuwa. Assop da ke jihar Filato ta dace da mai koyo: daga Bauchi zuwa Jos kimanin kilomita 130 ne, daga Jos kuma sai a bi hanyar Akwanga zuwa gangaren Hawan Kibo, ruwan ba shi da nisa da titi. Tafiyar mota ce mai tsawo, don haka gara a kwana a Jos. Farin Ruwa ta Wamba a jihar Nasarawa da Gurara ta jihar Neja manya ne, ba na yini ɗaya ba ne daga nan.

Na cikin gida kuwa, ba a samun su a taswirar waya. Ta bakin mutane ake samu: direban da ke jigilar hanyar Toro ko Dass, malamin makarantar da aka tura ƙauye, ɗan achaɓa. Tambaya uku nake yi. Akwai ruwa a makon nan? Babur yana kaiwa ina? Dajin lafiya yake? Ta ukun ita ce babba. Wasu dazuzzukan yankinmu sun yi fama da ɓarayin daji da masu garkuwa da mutane, kuma wurin da ke lafiya bara ba dole ne ya zama lafiya bana ba. Labarin da ya wuce mako ɗaya tsoho ne. Idan ka ji mutanen gari suna "to, sai dai a gwada", kada ka gwada.

Idan damina ta wuce maka, ko ba ka samu wurin da hankalinka ya kwanta da shi ba, ka nufi Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri. Wikki, ruwan da ke cikin Yankari, ba matsirga ba ce, maɓuɓɓuga ce mai ɗumi, ruwanta garau, zafinsa kusan digiri 31 rani da damina. Ana karkata daga Dindima a kan hanyar Gombe. Amma can gandun namun daji ne, ba a yawon ƙafa sai da ma'aikacin gandun, kuma ka kula da gwaggon biri, ledar abinci a hannu tasa ce.

3. HAƊA ABOKAN TAFIYA

Kada ka tafi kai kaɗai, ko da ka san hanya. Mutum huɗu zuwa takwas ya fi. Dalilin huɗu: idan ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, biyu su tafi neman taimako. Idan kuka haura goma, sai ayarin ya rabu biyu, na gaba ba su san halin na baya ba.

Kafin ka fita, faɗa wa wani a gida sunan ƙauyen, da waɗanda kuke tare, da lokacin da ya kamata a ji daga gare ku. Sabis yakan ɗauke da an shiga kwari. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma a irin waɗannan wurare lambar ɗan achaɓan da ya kawo ka ta fi saurin amfani. Karɓe ta, ku kuma yanka lokacin da zai dawo ɗaukarku. Kada ka biya shi kuɗin dawowa tun da safe.

Yara 'yan ƙasa da shekara goma, ni dai ba na zuwa da su sai wurin da na sani sarai, kuma kowane yaro da babba ɗaya da ke riƙe da shi.

4. KU FARA DA ƘOFAR MAI GARI

Wannan matakin ba ya cikin kowace taswira, amma ba na tsallake shi. Dutsen da kake gani kamar ba na kowa ba, yana da masu shi. Da kun sauka, ku tambayi gidan mai unguwa ko sarkin garin. A cire takalmi, a durƙusa, babbanku ya yi magana:

"Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Bauchi. Mun zo ganin ruwan da ke bayan dutse, idan an ba mu izini. Muna kuma roƙon a haɗa mu da wanda ya san hanya."

Sai a ajiye goro. Minti goma ne, amma ribarsa da yawa: gari ya san da shigarku, za a gaya muku inda ba a zuwa (wasu wuraren al'ada ne ga mutanen yankin, wasu kuma mashayar gari ce da ba a wanka a ciki), kuma idan kun makara za a bi sawu.

Ɗan jagora, in da hali a ba ku maharbi ko wani dattijon da ke noma a gindin dutsen. Samarin da ke rugowa suna "ni na sani, ni na sani" sun san hanya, amma gajeriyar hanya suke bi, irin wadda awaki ke bi. Ku daidaita abin da za ku ba shi kafin a tashi, kuma ku ci abinci tare da shi.

5. TAFIYA A HANYA

Jagora a gaba, wanda ya fi kowa rauni a bayansa, mai ƙarfi a ƙarshe. Da saurin mai rauni ake tafiya. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mutum yakan ci kilomita 4 a awa ɗaya, amma cikin duwatsu da ciyawa ka lissafa rabin haka.

Kashin farko yawanci ta cikin gonaki ne. A wannan lokaci dawa ta yi kai, gyaɗa ta isa cira. Ku bi kwarin kunya ko turba, kada a tattake shuka, kada a karya rake ko masara "don ɗanɗano". A gaida duk wanda aka tarar a gona. Idan kun haɗu da garken shanu, ku ratse ku ba su hanya, ku yi wa makiyayin sallama.

Kashi na biyu shi ne ciyawa, kuma nan ne maganar maciji. Kaka lokacin kububuwa ne, ita ce ke yawan sarar manoma a yankin Bauchi da Gombe. Gajeriya ce, kalar ƙasa, ba ka ganin ta sai ka kusan taka ta. Kasa kuma ba ta gudu, kwanciyarta take yi a kan turba. Ka tura ƙafar wandonka cikin safa, ka riƙa buga sanda a gabanka. Idan za ka tsallake gungume ko dutse, fara hawa kansa ka duba ɗaya gefen, kada ka jefa ƙafa inda idonka bai gani ba. Hannu ma haka: kada ka cusa shi a tsagar dutse don neman madafa.

Duk inda turba ta rabu biyu, ka waiwaya ka dubi yadda wurin yake ta baya, ko ka ɗauki hoto. Hanya a dawowa kamanninta daban ne.

6. ƘETARE ƘORAMA DA HAWAN DUTSE

Kusan kullum sai an ƙetare ruwa sau ɗaya ko biyu kafin a kai. Auna zurfi da sanda. Idan ruwa mai gudu ya kai gwiwa, ku nemi wani mashigin, idan babu ku juya. Inda ƙorama ta yi faɗi nan ne ta fi sauƙi, inda ta tsuke nan ne ƙarfinta yake. Ka fuskanci inda ruwan ke fitowa, ka kafa sanda, ka ja ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Kada ka cire takalmi. Na san ba daɗi tafiya da jiƙaƙƙen kambas, amma ƙafa tsirara a kan dutsen ƙarƙashin ruwa kamar taka sabulu ne. Tsalle daga dutse zuwa dutse don gudun jiƙewa shi ya fi komai jawo targaɗe.

Dutsen da ke kusa da ruwa launinsa zai gaya maka halinsa. Fari ko toka-toka mai kaushi yana riƙe ƙafa. Baƙi mai sheƙi ko mai kore-kore gansakuka ce. A wurin hawa, gaɓoɓi uku su kasance a dafe kafin ka ɗaga na huɗu. Ku bar tazara tsakaninku saboda dutsen da na sama zai iya turowa. Abin da ka hau da ƙyar, saukarsa ta fi wuya, don haka kafin ka hau ka tambayi kanka ta ina za ka sauko.

Idan ka ji ƙugi a saman kai ko ka ga ƙudan zuma na shige da fice a wani kogo, ku wuce shiru, ba jifa, ba hayaniya. Turare mai ƙarfi ma a bar shi ranar.

7. A GINDIN MATSIRGA

Za ka ji ta kafin ka gan ta. Iska za ta yi sanyi, feshin ruwa ya fara taɓa fuska. Kowa zai so ya ruga. Tsaya tukuna, ka yi abu biyu.

Na farko, nemi mafita: tudun da za ku iya hayewa cikin minti ɗaya idan ruwa ya ƙaru. A can za ku ajiye jakunkuna, ba a bakin ruwa ba. Na biyu, sa alama. Zaɓi wani dutse da ruwa ke taɓa gindinsa, ka ɗora ƙaramar tsakuwa kamar taƙi ɗaya sama da ruwan, ka riƙa duba ta.

Ga dalilin da ya sa nake yin haka. Wata shekara a farkon Oktoba mun je mu shida, rana tsaka, sama tas babu ko gajimare a kanmu. Muna zaune a kan wani falalen dutse a tsakiyar ƙorama muna cin ƙuli-ƙuli, ƙafafu a cikin ruwa. Dattijon da ya raka mu bai zauna ba, yana tsaye da sandarsa yana kallon sama da matsirgar. Can sai ya ce, "Yara, ku taso." Na ce, "Baba, ai ko rabin awa ba mu yi ba." Bai amsa mini ba, sai ya nuna ruwan da bakin sanda. Ruwan da ɗazu muke ganin tsakuwar ƙasansa ya koma kalar kunun kanwa. Ga busassun ganye da karare suna wucewa, ga wani kumfa ja-ja yana taruwa a gefe. Ƙarar ma ta sauya, ta yi kauri. Muka kwashi kaya muka haye. Ba mu gama ɗaura igiyar takalmi ba, falalen da muka tashi a kai ya nutse, ledar dabinonmu ta bi ruwa. An yi ruwa ne a can saman duwatsu inda ba ma gani, ya gangaro ya same mu.

Saboda haka alamun su ne: ruwa ya gurɓace, tarkace na biyo shi, ƙara ta ƙaru, tsakuwarka ta nutse, ko ka ji tsawa ko da daga nesa. Ɗaya daga ciki ta isa. Ku hau tudu ta gefen da hanyar gida take, kada ruwa ya raba ku da ita.

Maganar wanka. Gurbin da ruwa ke faɗawa ya fi yadda ake zato zurfi, kuma a daidai mafaɗar ruwan yana juyawa ya danna mutum ƙasa, ko gwanin iyo ne. Ba a tsunduma daga kan dutse, ba ka san abin da ke ƙasa ba. Wanda bai iya ruwa ba ya tsaya inda bai wuce gwiwa ba. Idan wani ya zame, a miƙa masa sanda ko rawani, kada a bi shi. Ni kaina yanzu alwala kawai nake yi da wanke fuska, saboda abin da zan faɗa a mataki na ƙarshe.

Hoto kuma, a gindi ake yin sa. Hawa saman matsirga a tsaya a baki ana ɗaukar kai da waya, ba na yarda da shi a ayarina, ko wane ne. Dutsen bakin ruwa ya sha goga shekara da shekaru, sumul yake.

Akwai wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu, yana cizo da rana, yawanci a ƙafa. Shi ne ke yaɗa cutar da ke makantar da mutanen bakin kogi, wadda ake raba maganin Mectizan dominta. Zuwa ɗaya ba abin tayar da hankali ba ne, amma dalili ne na barin dogon wandonka a jiki.

8. KOMAWA

Ku tashi tun da sauran ƙarfi, ku bar wa komawa lokacin da ya fi na zuwa. A gangara ne gwiwa ke rawa, hankali kuma ya riga ya tafi gida. Taka gajere-gajere, a wuri mai tsayi ka juya ka fuskanci dutsen, ko ka zauna ka ja jiki, ba abin kunya ba ne.

Tattara duk leda da gora. Mutanen da ke ƙasa wannan ruwan suke sha, kuma shanu na haɗiye leda ta kashe su. Sabulu ma kada a sa a ƙoramar. Mai buƙatar kewayawa ya yi nisa da ruwa ya tona rami ya binne.

A ƙirga mutane kafin a tashi, a sake ƙirgawa a ƙauye. Ku koma ku yi wa mai gari sallama, don ya san kun fito.

9. IDAN AN SAMU MATSALA

Saran maciji: a kwantar da mutum, a cire masa zobe, agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗaure ƙafar da sanda kamar yadda ake wa karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa babur. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure jijiya tamau da igiya, ba a ɓata lokaci wurin neman macijin. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake, tsagar da za a yi da reza sai ta ƙi tsayawa. Kada a ba shi asfirin. A wuce asibiti kai tsaye ko da ya ce ba ya jin komai, a tambaya ko suna da allurar dafin maciji. Asibitin da ya shahara da wannan aiki yana Kaltungo a jihar Gombe, amma a fara da babban asibiti mafi kusa.

Targaɗe: a tsoma ƙafar a ruwan sanyi, a naɗe da bandeji, a mayar da takalmi kafin ta kumbura, mutum biyu su tallafe shi. Jiri da ciwon kai saboda rana: inuwa da ORS, kaɗan-kaɗan. Wanda zuma ta harba ya fara kumburin fuska ko numfashi na yi masa wuya, wannan na gaggawa ne, a nufi asibiti.

10. BAYAN AN DAWO

Ka duba jikinka da kyau saboda kaska, musamman bayan gwiwa da ƙugu, tunda kun bi ta inda shanu ke kiwo. A wanke duk wani ƙujewa da sabulu.

Sai tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga wasu ƙananan katantanwa da ke zama a ruwa marar gudu sosai, irin gefen gurbi mai ciyawa, ta huda fata ta shiga ba tare da ka ji ba. Alamarta ba ta fitowa nan take, sai bayan makonni ko watanni. Idan ka yi wanka a can, daga baya ka ga jini a ƙarshen fitsari, ko zazzaɓin da maganin maleriya bai kore shi ba, ka je a gwada fitsarinka, ka kuma gaya wa likita cewa ka shiga ruwan ƙorama da ranar da ka shiga. Maganinta praziquantel ne, da nauyin jiki ake auna shi, don haka kada ka saya a kemis ka sha da ka. Ka sanar da sauran waɗanda kuka shiga ruwan tare su ma su je gwaji.